Auren zumunci a tsakanin Momon

Momon su ne mabiya cocin da Joseph Smith ya kafa a jihar New York ta Amurka a 1830. Auren zumunci, wato tsakanin 'ya'yan wa da ƙani ko 'ya'yan ya da ƙanwa, bai taɓa zama koyarwar babban cocin ba, ko da yake mutane kan jingina musu shi saboda tarihinsu na auren mata da yawa.

Tarihi

Bayan an kashe Smith a 1844, Brigham Young ya jagoranci mabiya zuwa kwarin Salt Lake, a jihar Utah ta yau, a 1847, aka kuma shelanta halascin auren mata da yawa a 1852. Abin da ya fi fitowa fili a wancan zamani shi ne mutum ya haɗa ya da ƙanwa a gidansa. Smith ya auri Emily da Eliza Partridge, wajen 1843, shi ma Young ya auri Lucy da Clara Decker. Wannan kusanci ne tsakanin kishiyoyi, ba tsakanin miji da mata ba. Nazarin da masanin gadon halitta Lynn Jorde ya yi kan asalin iyalan Utah ya nuna auren jini ɗaya bai yi yawa ba, domin sababbin mabiya sun yi ta kwararowa daga Birtaniya da ƙasashen Sikandinabiya. A 1890 shugaban cocin, Wilford Woodruff, ya sanar da daina auren mata da yawa.

Ƙungiyoyin da suka ɓalle

A nan matsalar take. Waɗanda suka ƙi bin sanarwar sun keɓe kansu, suka dinga aurar da 'ya'yansu a junansu. A Hildale da Colorado City, kan iyakar Utah da Arizona, inda 'yan ƙungiyar FLDS, ɗaya daga cikin ɓangarorin da suka ci gaba da auren mata da yawa, suka kafa matsuguninsu, likitoci sun fara gano cutar ƙarancin sinadarin fumarase wajen 1990. Cuta ce mai wuyar samu da ke hana ƙwaƙwalwar yaro bunƙasa tare da jawo farfaɗiya, kuma gadonta ake yi: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ƙwayoyin halittarsu take bayyana, abin da ya fi yiwuwa idan jininsu ɗaya ne. A ƙungiyar Kingston kuwa, kotu ta ɗaure David Kingston a 1999 saboda tarawa da 'yar ɗan'uwansa mai shekara 16 da aka aurar masa.

Doka

Utah ba ta yarda da auren 'ya'yan wa da ƙani ba sai dukansu sun kai shekara 65, ko 55 idan kotu ta tabbatar ɗayansu ba ya haihuwa.