Auna Ƙarfin Tsokar Gwiwa da Na'urar Hannu

Na'urar hannu ta auna ƙarfin tsoka, wadda ake kira dainamomita, 'yar ƙarama ce da ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Likitocin gashin ƙashi na amfani da ita don sanin ƙarfin tsokoki huɗu na gaban cinya masu miƙe gwiwa, da tsokoki uku na bayanta masu lanƙwasa ta. Tana nuna sakamako da niyutan (ma'aunin ƙarfi) ko da kilo.

Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ake amfani da ma'aunin da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar, inda likita ke danna ƙafa da hannunsa ya ba da maki daga 0 zuwa 5. Matsalarsa ita ce maki 4 ya yi faɗi da yawa: mutum na iya samun sauƙi sosai, makinsa bai motsa ba. Na'urar ta toshe wannan giɓi.

Yadda ake yi: majiyyaci zai zauna a bakin gado, ƙafafunsa na reto, gwiwa a lanƙwashe digiri 90. Sai a ɗora na'urar a ƙwaurinsa, sama kaɗan da idon sawu, a ce ya tura iya ƙarfinsa na daƙiƙa uku zuwa biyar. Galibi ana maimaitawa sau uku, da ɗan hutu a tsakani. Idan aka ninka ƙarfin da tazarar da ke tsakanin gwiwa da inda na'urar ta zauna, aka raba da nauyin jiki, za a iya kwatanta dogo da gajere, mai jiki da siriri.

Babban rauninta yana hannun mai riƙe ta. Tsokar gaban cinya na cikin mafi ƙarfi a jiki, kuma ɗan wasa kan rinjayi likita ya ture hannunsa. A nan ƙarfin likitan aka auna, ba na majiyyaci ba. Shi ya sa ya fi kyau a ɗaure na'urar da madauri a ƙafar gado.

Manyan injuna irin su Biodex sun fi ta daidaito, amma suna da tsada kuma ba sa ɗaukuwa. Ana amfani da ta hannu wajen bibiyar masu amosanin gwiwa, da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwa, inda ake so ƙafar da ta ji rauni ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar kafin a koma filin wasa.