Waiwaye kan Lugga, sojan da ya zama gwamna

Duk wanda ya san Kaduna ya san Lugard Hall inda majalisar dokokin jiha ke zama, amma da yawanmu gwamna kawai muka ɗauki Lugard, wato Lugga, alhali mutumin nan soja ne tun farkonsa. A Madras ta Indiya aka haifi Frederick Lugard a 1858, ya shiga sojan Ingila a 1878, ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Daga nan fa sai ya koma yi wa kamfanoni aiki, yau Nyasaland, wato Malawi, inda har harbinsa aka yi, gobe Uganda, a 1894 kuma kamfanin Royal Niger ya turo shi Borgu ya riga Faransawa ƙulla yarjejeniya da sarakunan can.

A 1897 aka ba shi aikin kafa rundunar WAFF, wato sojan Ingila na Afirka ta Yamma, kuma nan ne abin ke ci min rai, domin hafsoshin ne kaɗai Turawa, masu riƙe da bindigar yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa. Ranar 1 ga Janairu 1900 ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, a 1901 aka ci Kwantagora da Bida da Yola. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903 a hannun Kanar Morland da sojan da ba su kai dubu ba, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, ganuwa duk kaurinta ba ta tare igwa ba. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a Sakkwato, mahaya da masu da takubba suna fuskantar bindiga mai ruwa, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas jama'a na bin sa gari gari har aka cim masa a Burmi a watan Yuli ya yi shahada.

Mulki ta hannun sarakuna da ake yaba wa Lugard, ni dai ina ganin dole ce ta sa, ba shi da isassun ma'aikata ba shi da kuɗi. Mai son ganin ainihin mulkin ya dubi garin Satiru da ke kusa da Sakkwato a 1906, talakawa da fartanya da gatari suka kashe Razdan, sojan Turawa suka dawo suka hallaka mutum wajen 2,000 suka shafe garin.

A shekarar Lugard ya tafi, ya yi gwamnan Hong Kong, ya dawo a 1912, ya haɗe kudu da arewa a 1914. Ya mutu a Ingila a 1945.