Lida: guntun zaren da ke tsakanin kitsattse da ƙugiya

Ɗan yayana ya yi shekara biyu yana aikin gini a Legas, ya dawo Gombe da abin da ban taɓa zaton zai zuba wa kuɗi ba: sandar fatsa mai tsawon mita 4, da injin naɗe zare, da wani koren zare siriri kamar na ɗinki. Wata Asabar muka nufi dam ɗin Dadin Kowa. Kafin ya jefa ƙugiya sai da ya ɓata kusan minti goma a zaune yana ɗaura wani farin zare a bakin koren. Wani dattijon masunci da ke gyaran kallinsa, wato ragarsa ta kamun kifi, a gefe ya gaji da kallo, ya ce, "Yaro, zaren naka ne bai isa ba kake masa ƙari?" Ya ce, "A'a Baba, lida nake sawa." Dattijon ya yi dariya, ya ce shi lidan da ya sani sai na jam'iyya.

Kalmar ta aro ce daga Turanci, kuma asalinta ɗaya da lidan jam'iyyar, wato na gaba. A bakin masu fatsa da sanda, lida shi ne guntun zaren da ake ɗaurawa a ƙarshen babban zare, wanda ƙugiya da dalmar da ke nitsar da ita ke jikinsa. Shi ne yake fara shiga ruwa, shi yake gogar dutse, shi kifi ke gani kuma yake tauna. Tsawonsa kan kama daga kamu biyu zuwa mita 8 ko fiye, gwargwadon aikin da aka sa shi.

Ba za a gane dalilinsa ba sai an san koren zaren nan, wanda ake ce wa bired, ni kuwa na fi son in ce kitsattsen zare, don kitsa shi ake yi. Silalla ne ƙanana na wata roba mai tsananin ƙarfi, dangin wadda ake yin leda da ita, aka kitsa su huɗu ko takwas suka zama ɗaya. Sunayen da suka yi fice a wannan roba su ne Dyneema na ƙasar Holan da Spectra na Amurka. In ka duba kwalinsa za ka ga an rubuta PE da lamba, PE 1 ko PE 2, wannan ma'aunin kauri ne na Japanawa. Kitsattsen da ke ɗaukar fam 20, kilo 9 ke nan, kaurinsa bai wuce na nailan mai ɗaukar fam 6 ba. Don haka injin kan ɗauki zare mai yawa, iska ba ta rinjayarsa sosai, jifa kuma ta yi nisa. Ga wanda ke tsaye bakin teku a Lekki ko Tarkwa Bay da ke Legas yana son kotonsa ya tsallake inda igiyar ruwa ke fashewa, nisan nan shi ne komai.

Sannan ba ya miƙewa. Nailan kan miƙe kusan kashi ɗaya bisa huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke, kitsattse kuwa miƙewarsa ba ta taka kara ta karya ba. Kifi na taɓa koto a nisan mita 80 za ka ji a tafin hannunka. To amma abin da ya ba shi daraja shi ne kuma aibinsa. Zaren da ba ya miƙewa ba ya shanye fizga. In babban kifi ya zabura, duk ƙarfin ya sauka kan ƙulli ko kan leɓen kifin, ko dai ƙullin ya tsinke ko ƙugiyar ta yage ta fita. Ga shi ba ya jure guga. Ja shi da hannu iya ƙarfinka, sai dai ya yanka maka yatsa, amma goga shi a kaifin dutse yana a miƙe, silallan su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya kamar tsohuwar igiyar guga a bakin rijiya. Kuma kifi na ganinsa ƙuru-ƙuru a ruwa mai haske. Waɗannan ramuka uku lida ke cikewa.

Da me ake yin sa? Yawanci da nailan, irin wanda masuntanmu suka daɗe da sani, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935. Akwai kuma fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a matsayin zaren kifi a 1971 da sunan Seaguar. Shi ya fi nailan nauyi, yana nitsewa da sauri, ya fi jure guga, kuma yadda haske ke ratsa shi ya yi kusa da yadda yake ratsa ruwa, don haka ba a cika ganinsa ba. Tsada ce da shi, kuma yana da taurin kai wajen ƙulli. A nan zan faɗi ra'ayina: wanda zai yi fatsa a Gongola da damina, ruwa ya yi ja kamar kunun kanwa, ya sayi fulorokabon don kada kifi ya gani, ya yi asarar kuɗinsa. Tarwada ma da gashin bakinta take laluben abinci. Nailan mai kauri ya wadatar. Na uku shi ne waya, ta masu haƙori. A teku barakuda ce ke sa a nemi waya, a ruwanmu kuwa tsage, wanda kan datse nailan kamar an sa almakashi.

Akwai wani nau'in lida da ya kamata a ware, wanda masu bakin teku ke kira shok lida. Shi ba don kifi ake sa shi ba, don jifa ne. Mutum ya ɗaura dalma mai nauyin giram 150, ya wulwula sanda mai mita 4 da dukan ƙarfinsa, fizgar da ke sauka kan zare a wannan ƙiftawar ido ta ninka nauyin dalmar sau da yawa. Siririn zare sai ya tsinke, dalmar ta tafi kamar harsashi, kuma bakin teku ba ya rasa mutane. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi ita ce fam 10 na ƙarfin lida ga kowane oza ɗaya na dalma. Oza ɗaya giram 28 ne, to dalma mai oza 5 tana son lida mai fam 50, kusan kilo 23. Tsawonsa kuma sai ya taso daga dalmar, ya bi zobban sanda duka, ya zagaya injin sau biyar ko shida, yadda lokacin jifa babu inda ƙarfin zai taɓa siririn zaren. Wani amfanin kuma, yatsan da ke riƙe zare lokacin jifa yana kan nailan mai kauri ne. Wanda ya taɓa jifa da kitsattse tsirara a kan jiƙaƙƙen yatsa ba ya bukatar a yi masa bayani.

Mu a nan ba mu cika jifa irin wannan ba. Ɗan yayan nawa ya zo da lidan fam 60 irin na Legas, alhali dalmarsa ba ta kai giram 40 ba. Abin da ke jiransa a gindin dam duwatsu ne da kututture, sai kuma giwan ruwa in an dace, wanda gefen murfin kunnensa ke da kaifi. Mita ɗaya da rabi na nailan mai fam 30 ko 40 ya ishe shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne haɗin. Kitsattse santsi gare shi, ƙullin da muka saba yi wa nailan zamewa yake a jikinsa. Masu koyo kan fara da wanda ake kira dabal yuni: a jera zaren biyu baki da baki suna kallon juna, kowanne ya yi zarge a jikin ɗan'uwansa, nailan ya naɗa sau huɗu ko biyar, kitsattse sau takwas saboda santsinsa, sannan a ja su haɗe. Ana iya yin sa cikin duhu, aibinsa kawai ƙullutu ne da ke karo da zobban sanda a kowace jifa. Wanda ya fi shi shi ne FG, shi ne kuma ya cinye mana minti goman nan. A nan ba a lanƙwasa lidan ko kaɗan. Ana miƙe kitsattsen da ƙarfi, wasu har da haƙori suke riƙewa, a riƙa gitta shi a jikin lidan dama da hagu kamar mai kitso na kama gashi, sau 16 zuwa 20, sannan a kulle da ƙananan ƙulli a datse saura. In an ja, kitson sai ya ƙara cizon nailan, har launinsa ya sauya ya yi duhu. In bai sauya ba, bai kama ba, kuma zai zare ne daidai lokacin da kifin kirki ya zo. Kowane ƙulli kuma a jiƙa shi da miyau kafin a matse, don zafin gogayya yana raunana nailan tun bai shiga ruwa ba.

Wani abu da sababbi ke mantawa: kitsattse ba ya kama jikin injin, sai ya riƙa juyawa gaba ɗaya kamar zobe a yatsa. Ana fara naɗa nailan kaɗan a ƙasa, a ɗora shi a kai. Wanda ya yi fatsa a ruwan gishiri kuma sai ya ɗauraye injin da zaren da ruwan daɗi, in ba haka ba gishiri ya ci ƙarfen.

Da la'asar ƙugiyar yaron ta maƙale a dutse. Ya ja, ya ja, daga ƙarshe ta fito. Ya bi lidan da yatsu biyu, ya ji kamu ɗaya na ƙarshe ya yi kaushi kamar an kankare, sai ya yanke wurin ya sake ɗaura ƙugiya. Koren zaren ko ƙwarzane bai yi ba. Dattijon ya taso ya karɓi guntun da aka yanke, ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi ya duba a hasken rana, sannan ya tambayi nawa ake sayar da ƙunshi ɗaya na koren a Legas. Da ya ji kuɗin sai ya koma kan kallinsa.