Hanyoyin haɗa sautin dijital da agogon situdiyo

Hanyoyin haɗa sautin dijital ƙa'idoji ne da na'urorin situdiyo ke bi wajen miƙa wa juna sauti bayan an mayar da shi lambobi. Ana yanka sautin sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya: sau 44,100 a faifan CD, sau 48,000 a aikin fim da talabijin. Abin da ke ƙidaya wannan yankan shi ake kira agogo.

Tarihi

A 1985 ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES da ƙungiyar kafofin watsa labarai ta Turai, EBU, suka fitar da ƙa'idar AES3. Tana ɗaukar layin sauti biyu a waya mai om 110 (om ma'aunin juriyar waya ga lantarki ne) da kan XLR, irin na makirfo. Wajen wannan lokaci Sony da Philips suka fito da S/PDIF domin kayan gida. Tsarinta kusan ɗaya ne da na AES3, sai dai tana bin waya mai om 75 da kan RCA, ko kuma wayar haske ta TOSLINK ta kamfanin Toshiba.

ADAT kuwa asalinta rikoda ce ta kamfanin Alesis, wadda ta fito a farkon shekarun 1990 tana naɗar layi takwas a kaset ɗin bidiyo na S-VHS. Rikodar ta daɗe da barin kasuwa, amma ƙofarta ta jona wayar haske tana nan a bayan na'urorin zamani: layi takwas a yanka 48,000 cikin daƙiƙa, huɗu a 96,000. Wata ƙa'idar mai suna MADI, ta 1991, ta fara da layi 56, daga baya ta kai 64.

Agogo

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Dole na'ura guda ta zama jagora, sauran su bi bugunta, ko ta cikin wayar sautin kanta, ko ta keɓaɓɓiyar waya mai kan BNC wadda ake toshe ƙarshenta da om 75. In na'urori biyu kowacce ta tsaya a kan agogonta, sai a riƙa jin ƙas-ƙas a cikin murya, kamar ana taka busasshen ganye, fitilar kulle, mai nuna cewa na'ura ta kama bugun jagora, kuma ta yi ta ƙiftawa. Ƙaramar tangal-tangal a bugun agogo ita ake kira jita, kuma ɓarnarta a wurin sauya sauti zuwa lambobi ko lambobi zuwa sauti take.

Ko agogon waje mai tsada yana ƙara daɗin sauti, injiniyoyi sun rabu a kai.

A Legas

Ana samun kayan a kasuwar Alaba da kuma Ikeja. Inda aka ɗauke wuta aka koma janareta, jagora ake fara kunnawa, a jira sauran su kama kafin mawaƙi ya buɗe baki. Manyan wurare sun fara komawa Dante, hanyar haɗa sauti mai bin wayar sadarwar kwamfuta.