Nawa ne ainihin kuɗin yunit ɗaya? Tambayoyi da amsoshi kan batir, sola, janareta da wutar NEPA

Mai sayar da batir zai faɗa maka farashin batir, mai janareta ya faɗa maka farashin janareta. Da wuya ka ji wanda zai ce maka ga abin da kowane yunit na wuta zai ci maka daga yau har ranar da kayan za su mutu, alhali wannan lissafin ne ke raba mai araha da mai tsada.

Mene ne yunit, kuma me ya sa ake auna tsada da shi?

Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, wato abin da mitar gida ke cirewa. Fanka mai wat 70 za ta yi kusan awa 14 kafin ta cinye shi, dutsen guga mai wat 1,000 kuwa awa ɗaya tak. Idan ana son kwatanta hanyoyin samun wuta biyu, sai a haɗa duk kuɗin da kowace za ta ci a rayuwarta, na saye da na mai da na gyara da ruwan bashi idan rance aka ci, a raba da yawan yunit ɗin da za ta bayar. Haka manyan kamfanonin wuta ke yi, haka ya kamata mai shagon aski ya yi.

A duniya, wace hanya ce ta fi araha yanzu?

Idan sabuwar tasha za a gina, iska da rana ne. Hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta ƙiyasta cewa a 2023 matsakaicin kuɗin yunit daga sababbin manyan tashoshin sola ya kama wajen santi 4.4 na dalar Amurka, na iskar kan tudu santi 3.3, na madatsun ruwa santi 5.7. A 2010 na sola santi 46 ne. Ke nan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekara 13.

Sai dai kowace hanya da inda kuɗinta ke shiga. Sola da iska da madatsar ruwa ginin ne ke cin kuɗi, bayan nan babu mai da za a saya. Madatsar Kainji tun 1968 take aiki, kuɗin gininta ya daɗe da zama tarihi, shi ya sa wutarta ke da sauƙi. Tashar iskar gas kamar Egbin ta Legas ba ta kai madatsa tsadar gini ba, amma kullum sai an sayi gas, kuma ranar da aka ƙi biyan masu gas ko bututu ya fashe, tashar ta kwanta. Nukiliya ita ce gaba wajen tsadar gini: sababbin injuna biyu na tashar Vogtle a jihar Jojiya ta Amurka sun lashe sama da dala biliyan 30 kafin su fara aiki a 2023 da 2024.

Akwai abin da alƙaluman duniya ke ɓoyewa. Tunda sola kuɗinta duka a farko ake zubawa, ruwan bashi ne ke yanke farashinta. Farantin sola iri ɗaya, rana iri ɗaya, amma wanda ya ci bashi da ruwa kashi 5 da wanda ya ci da kashi 30 ba za su sayar da yunit kuɗi ɗaya ba. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya kashi 27.5 ne. Rana ba ta yi mana rowa ba, jari ne ke da tsada.

To a gida ko shago, janareta nawa yake cin kowane yunit?

Ƙaramin janaretan fetur, idan an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, lita ɗaya na ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu. A ce litar fetur naira 900 ce, yunit ya kama naira 450 zuwa 600, ban da baƙin mai da ake canzawa duk bayan awa 50 zuwa 100, da fulogi, da kuɗin makanike. Idan kuma aka tayar da janareta mai ƙarfin wat 2,500 don fanka biyu da talabijin kawai, injin zai ci gaba da shan mansa yana juyawa a banza, lita ɗaya ba za ta ba da ko yunit ɗaya ba. Nan yunit kan haura naira 1,000, kuma haka yawancin gidaje ke amfani da shi.

Babban injin dizal ya fi tattali, yana ba da wajen yunit 3 a lita. Da dizal na naira 1,200, yunit ya tashi naira 400. Shi ma ba ya son aiki da ƙaramin kaya. Idan ya daɗe ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa, man ba ya ƙonewa sosai, sai ka ga baƙin ruwa na tsiyaya daga salansa.

Kwatanta da wutar kamfani. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya ɗan sauko zuwa 200 da 'yan kai. An yi ta kuka da wannan ƙarin, kuma kukan na da dalili, amma har yanzu bai kai rabin abin da ƙaramin janareta ke ci ba tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023.

Idan sola ce mafi araha, me ya sa haɗa ta a gida ke kai miliyoyi?

Batir. Faranti mai wat 500 a Kano ko Maraɗi na ba da wajen yunit 2 a rana bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya. A shekara 20 ya ba da sama da yunit 14,000. Ko an ɗora masa kasonsa na kuɗin inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar faranti da batir irin ta gida, da ƙarfen ɗorawa da waya, yunit ɗin rana tsaka da wuya ya kai naira 50, muddin ana amfani da shi. Matsalar ita ce mutane sun fi buƙatar wuta bayan magariba. Batir ba ya samar da wuta, rumbu ne kawai, kuma rumbu ne mai yoyo: idan ka zuba yunit 10 a batirin dalma, wato batirin ruwa, za ka kwashi wajen 8, a na litiyom kuwa 9 da ɗoriya. Duk yunit ɗin da ya kwana a batir sai ya biya kuɗin haya.

Batirin ruwa da na litiyom, wanne ya fi araha?

A nan mutane suka fi yin asara, don haka bari a yi lissafin dalla-dalla. Farashin da ke ƙasa misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa.

Dogon batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 220 yana ɗaukar yunit 2.6 a rubuce. Amma batirin dalma ba a zuƙe shi ya wuce rabi, in ba haka ba farantan cikinsa su lalace da wuri. Abin da za ka mora ke nan yunit 1.3 kowane dare. Mai kyau, a ɗaki mai sanyi da kulawa, zai yi cika da sauka kamar sau 1,200. Jimla yunit 1,560. Idan an saye shi naira 300,000, ajiyar kowane yunit ta kama wajen naira 190.

Sai zafi ya shigo. Ana auna rayuwar batir a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 na rage rayuwar batirin dalma da rabi. Ɗakin kwano a Sakkwato cikin bazara ya wuce 40. Idan batirin ya tsaya a sau 700, yunit 910 kawai ya bayar, hayar ta koma naira 330. Wannan ya sa wasu ke canza batir duk bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu suna cewa sola yaudara ce.

Na litiyom irin LiFePO4, mai bolt 51.2 da amfiya 100, yana ɗaukar yunit 5.1, kuma ana iya cin kashi 80 ba tare da an cuce shi ba, wato yunit 4.1. Masu inganci na yin sau 3,000 zuwa 6,000. A ɗauki 4,000: yunit 16,400. Idan naira miliyan ɗaya da rabi ne, yunit ya kama wajen naira 90. Batiran ruwa huɗu da za su yi aikin da ya kusa wannan sun kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma sai an sake sayensu sau uku ko huɗu kafin na litiyom ya tsufa. Wanda zai iya haƙurin tara kuɗi, litiyom ne. Wanda ke samun wutar kamfani mafi yawan lokaci, batirin sai jifa-jifa yake aiki, batirin ruwa ya ishe shi, domin ba zai taɓa cinye zagayen litiyom ɗin da ya biya ba.

Yaya ake gane girman batirin da gida ke buƙata?

A rubuta kayan da za su yi aiki daga faɗuwar rana zuwa safiya. Fanka uku masu wat 70 na awa 8, yunit 1.68. Ƙwan fitila takwas masu wat 10 na awa 5, yunit 0.4. Talabijin mai wat 80 na awa 4, yunit 0.32. Firij mai wat 150 da ke tashi yana tsayawa, a ba shi awa 6 cikin 12, yunit 0.9. Jimla yunit 3.3. Inbata na cin nata kason, a raba da 0.85, ya zama 3.9. Batirin litiyom ɗaya mai yunit 5 ya ɗauka, ko batiran ruwa huɗu. Faranti kuma dole ya cika batir ya kuma riƙe kayan rana. Idan rana na cin yunit 3, ana buƙatar yunit 7, wato faranti huɗu masu wat 500, amma a sa biyar ko shida saboda hadarin Agusta da hazon hunturu.

Kafin a ƙara batir, a rage kaya. Fanka mai amfani da wutar batir kai tsaye na cin wat 25 zuwa 35, rabin na tsohuwar, kuma canza fanka uku ya fi ƙara batir ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba.

Me ke kashe batir tun bai kai ko'ina ba?

Na farko rashin cika. Batirin dalma da ke kwana da rabin caji kullum, wani farin gishiri ke daskarewa a farantansa, ya daina karɓar wuta. Yawanci laifin ƙarancin farantin sola ne: an sayi batir huɗu an haɗa su da faranti biyu. Sai ruwa. Ana duba shi duk wata, a ƙara tataccen ruwan batir kawai. Ruwan famfo ko na leda na da gishirin da ke ɓata shi, asid kuma ba a ƙarawa. Haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya na jawo tsohon ya kashe sabon. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na daƙiƙu ya tayar da inji, a inbata wata kaɗan zai yi. Siririyar waya ma haɗari ce: wat 3,000 a tsarin bolt 24 na jan amfiya 125, waya ta yi zafi, bakin batir ya narke. Don haka duk gidan da zai wuce wat 2,000 gara ya koma bolt 48. Kuma batirin ruwa na fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, kada a kulle shi a ɗaki marar taga.

Litiyom cutarsa daban. Kasuwa cike take da akwatuna masu kyan fenti waɗanda aka cika da tsofaffin ƙwayoyi. A nemi takardar garanti, a tabbatar allon da ke kula da caji a ciki yana magana da inbata, sannan a gwada: a cika shi, a ɗora kaya sananne, a ga awa nawa zai yi. Mai ƙwaya 16 kada cajinsa ya wuce bolt 58.4, kuma tsayar da shi a 56 ya fi ƙara masa kwana.

Manyan ƙasashe da me suke ajiye wuta?

Mafi yawan wutar da aka daɗe ana ajiyewa a duniya a ruwa take. Tafki biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Idan wuta ta yi yawa a tura ruwa sama, idan ana buƙata a sako shi ya juya injuna, a dawo da kashi 70 zuwa 80. Tashar Fengning ta ƙasar Sin na da megawat 3,600 (megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ne), Ingula ta Afirka ta Kudu 1,332. Maroko a tashar Noor ta Warzazat zafin rana take adanawa a narkakken gishiri, ta ci gaba da ba da wuta sa'o'i bayan duhu. Manyan batira sun fara jan hankali a 2017, lokacin da Tesla ya kafa na Hornsdale a kudancin Ostiraliya mai megawat 100. Farashin batirin litiyom da ya haura dala 1,000 kowane yunit na girman batirin a 2010 ya sauko zuwa wajen dala 115 a 2024, bisa ƙididdigar kamfanin bincike na BloombergNEF. Batirin sodiyom, wanda ba ya buƙatar litiyom, kamfanin CATL na ƙasar Sin ya bayyana nasa a 2021.

Akwai ajiyar da ba ta buƙatar batir?

Akwai, kuma ita ce mafi araha. Famfon burtsatse ya yi aiki da hantsi zuwa azahar ya cika tanki, ruwan da ke sama shi ne ajiyar. Firiza ta daskarar da ƙanƙara da rana a kashe ta da dare, in dai ba a yawan buɗe ta za ta kai safiya da sanyinta. Guga, niƙa, wanki da inji da walda duk a mayar da su tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3 na yamma, lokacin da faranti ke ba da fiye da abin da batir ke iya karɓa. A misalin gidan da ke sama, idan aka sauya firij da firizar da ke hutawa da dare, aka sa fankoki masu wat 30, buƙatar dare za ta sauko daga yunit 3.3 zuwa ƙasa da ɗaya da rabi, batiran ruwa biyu ko ƙaramin litiyom mai yunit 2.5 ya wadatar.