Waiwaye: Minti nawa ya kamata gwanin ƙwallon kwando ya buga bayan jinya?

Tsakanin idon sawu da yatsun ƙafa akwai wani ɗan ƙashi mai siffar kwale-kwale, likitoci suna ce masa nabikula. Jini ba ya isa tsakiyarsa sosai, shi ya sa idan ya tsage yakan daɗe bai haɗe ba, ga shi kuma duk tsallen da ɗan wasa ya yi a kansa nauyi ke dira. Mai son sanin asalin gardamar da ake tafkawa a gasar NBA ta Amurka, kan tsawon lokacin da za a bar gwani a fili bayan ya tashi daga jinya, ya bi labarin wannan ƙashi. Ya taɓa huɗu daga cikin manyan 'yan wasan gasar, kowannensu kuma da irin riƙon da aka yi masa.

Na farko shi ne Bill Walton na Portland. A 1977 ya ciyo wa ƙungiyar kofi, a kakar da ta biyo baya kuma sun ci wasa 50 cikin 60 na farko kafin ƙafa ta kwantar da shi. Da aka zo zagayen fitar da gwani a Afrilun 1978, sai aka yi masa allurar kashe zafi ya shiga wasa na biyu da Seattle. Ya taka har ƙafar ta ƙi, da aka ɗauki hoto aka ga ƙashin ya karye. Walton ya ƙaurace wa kakar gaba ɗungurungum, ya nemi a sallame shi, daga baya ma ya kai ƙarar likitan ƙungiyar. A wancan zamani ba a lissafin mintuna. Muddin ɗan wasa zai iya tsayawa da ƙafafunsa, to ya warke, in kuma zafi ya hana shi, akwai allura.

Shekara 7 bayan haka ƙashin ya kama Michael Jordan. Ranar 29 ga Oktoban 1985, a wasa na uku na kakarsa ta biyu, ya karye a ƙafar hagu, wasa 64 suka wuce shi. Likitoci suka ce idan ya koma fili a kakar, akwai haɗarin kashi 10 cikin 100 ƙashin ya sake karyewa. Mai ƙungiyar Chicago Bulls, Jerry Reinsdorf, ya yi masa misali da kwalbar magani mai ƙwaya goma, ɗaya a ciki guba: zai sha don ciwon kai? Jordan ya ce ya danganta da tsananin ciwon kan. Shi kashi 90 ɗin yake kallo, yana kuma zargin shugabannin da son a yi ta shan kashi don a samu gurbi mai kyau a zaɓen sabbin 'yan wasa.

Aka yi sulhu a kan minti 7 kafin hutun rabin lokaci, 7 bayansa, cikin wasan da ke da minti 48, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Koci Stan Albeck ne aka bari da agogo a hannu. A farkon Afrilun 1986, a wasa da Indiana, saura kusan rabin minti a tashi, Bulls na bin maki ɗaya, sai mintunan Jordan suka cika. Albeck ya zaunar da shi a benci yana huci, John Paxson ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara. Da aka shiga zagayen fitar da gwani aka cire masa takunkumi, ranar 20 ga Afrilu ya zura maki 63 a gidan Boston Celtics, adadin da har yau ba a kamo ba a wannan zagaye. Boston ce dai ta ci, 135 da 131, aka kuma sallami Albeck a ƙarshen kakar.

Wannan dare na Boston ya daɗe yana ruɗin mutane. Duk sanda aka taƙaita wa wani gwani mintuna, sai a ce ai Jordan ya ƙi, kuma ga abin da ya zama. Jordan tsira ya yi, kuma wanda ya tsira daga kogi ba ya zama shaidar cewa kogin ba ya cin mutum. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a wannan daren Walton yana cikin 'yan wasan Boston. Bayan shekarun da ya ɓata yana zarya tsakanin asibiti da fili, a kakar 1985 zuwa 1986 aka mayar da shi mai shigowa daga benci, yana buga kimanin minti 19 a wasa. Ya buga wasa 80, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya kuma ɗauki kofi. Ashe ƙafar za ta iya ɗauka, in dai an auna mata.

Darasin bai zauna da wuri ba. A 2000 Grant Hill ya lallaɓa da ciwon idon sawu ya buga wa Detroit har ya karye, ya koma Orlando ya buga wasa 47 kacal cikin kaka uku. Da Yao Ming na ƙasar Sin ya karya nasa nabikular a 2009, Houston ta bi hanyar taka-tsantsan: ya huta kaka guda, aka yanka masa minti 24 a wasa, ba kuma buga wasa biyu a jere cikin kwana biyu. Wasa 5 ya buga idon sawun hagu ya tsage, ya yi ritaya a Yulin 2011. Wato ƙayyade mintuna ba laya ba ce. Mutum mai tsawon mita 2.29, ƙafarsa na ɗauke da abin da lissafin agogo kaɗai ba zai sauke mata ba.

Shekarar 2012 ce ta sauya akalar maganar. Ranar 28 ga Afrilu, Chicago na gaban Philadelphia da maki 12, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, Derrick Rose yana cikin fili, shi da ya sha fama da ƙananan raunuka duk kakar. Ya yi tsalle ya dira, jijiyar tsakiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Koci Tom Thibodeau ya sha tambaya kan me ya sa bai fitar da shi ba. A Nuwamban shekarar, koci Gregg Popovich na San Antonio ya tura manyan 'yan wasansa huɗu gida su huta a ranar da za a kara da Miami, shugaban gasar David Stern ya ci tarar ƙungiyar dala 250,000. Tun daga nan aka ja daga: masu kula da lafiya na cewa a rage lodi, masu sayar da tikiti da gidajen talabijin na cewa gwani aka biya a gani.

Masu rage lodi suka yi ta samun hujja. Joel Embiid, haifaffen Yawunde ta Kamaru, shi ne na huɗu a labarin ƙashin nan. Philadelphia ta zaɓe shi a 2014, ya yi kaka biyu bai taka fili ba saboda ƙashin, da ya fara a 2016 minti 20 aka ba shi, aka ƙara zuwa 24, sannan 28. A 2023 ya zama gwarzon ɗan wasan gasar. Toronto ta bar Kawhi Leonard ya buga wasa 60 cikin 82, ya iso ƙarshen kaka da ƙarfinsa ya ciyo mata kofin 2019. A wasannin ƙarshen na wannan shekara kuma aka ga ɗaya fuskar: Kevin Durant na Golden State ya dawo bayan wata guda yana jinyar sha-raɓa, ya yi minti 12 a fili agararsa ta dama ta tsinke.

Wahalar abin tana bayyana ne a daren da gwani ya ɗauki wuta. Ranar 22 ga Janairun 2020 Zion Williamson ya buga wasansa na farko a New Orleans bayan tiyatar gwiwa. A zango na huɗu ya zura maki 17 a jere cikin minti uku da ɗoriya, filin ya kaure da ihu. Koci Alvin Gentry ya fitar da shi domin likitoci sun ce ya isa, 'yan kallo na rera sunansa a mayar da shi, New Orleans ta sha kashi. Ina ganin Gentry ya yi daidai. Adadin da aka tsayar da safe, hankali kwance, shi ya fi cancanta a bi a kan wanda za a yanke ana ihu. An ce jiki magayi, to amma jikin ɗan shekara 19 da jini ya hau, sai gari ya waye yake faɗin gaskiya. Koci kuwa aikinsa na rataye da sakamakon daren, shi ya sa bai dace a bar masa hukuncin shi kaɗai ba.

Sai dai wasu ƙungiyoyi sun wuce gona da iri, suna hutar da lafiyayyu, mai kallo ya tara kuɗinsa ya zo ya tarar da gwani a benci cikin kayan gida. A 2023 hukumar gasar ta mayar da martani da doka biyu. Ta hana hutar da taurari biyu a wasa ɗaya, da tarar da ke farawa daga dala 100,000. Ta kuma ce sai ɗan wasa ya buga wasa 65, kusan kowanne aƙalla minti 20, kafin a saka shi cikin takarar manyan kyaututtuka, alhali ƙarin albashin wasu a kan waɗannan kyaututtukan yake. Dokar ta biyu ita ce ke damuna, domin ta sa wa mai jinya farashi a kan haƙurinsa.

A Janairun 2024 Embiid ya zura maki 70 a wasa ɗaya, yana kan gaba a takarar gwarzo, amma wasannin da aka yarje masa ya rasa sun kusa ƙarewa. Ya janye daga wasa a Denver saboda gwiwa, aka yi masa caa. Ranar 30 ga watan ya fito a gidan Golden State yana jan ƙafa, Jonathan Kuminga ya faɗo masa a gwiwar hagu, guringuntsin ya samu matsala, aka yi masa tiyata. Ya ƙare kakar da wasa 39, wadda ta biyo baya 19. A Yunin 2025 Tyrese Haliburton na Indiana ya shiga wasa na bakwai na ƙarshen gasar da ciwon sha-raɓa, irin na Durant, bai gama zangon farko ba agararsa ta tsinke. Yana kwance yana dukan ƙasa da hannu, Oklahoma City ta ɗauki kofin a daren, bayan 'yan makonni Indiana ta sanar cewa ba zai buga kakar gaba ba.