Me ake nufi da ilektromagnetizim?

Kalma ce da ɗaliban fiziks suke haddacewa saboda jarabawa, amma abin da take nufi a taƙaice shi ne wutar lantarki da maganaɗisu, wanda wasu ke ce wa mayen ƙarfe, asalinsu ɗaya ne. Duk wayar da wuta ke gudu a cikinta tana da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta, haka kuma in ka motsa maganaɗisu kusa da waya sai wuta ta taso a cikin wayar.

Da can masana sun ɗauke su a matsayin fanni biyu daban-daban, sai a 1820 wani malamin jami'a a Denmark, Hans Christian Ørsted, ya lura cewa da zarar ya saki wutar batir a cikin waya sai allurar kamfas da ke kusa ta karkace ta daina nuna arewa. A shekarar dai wani masani mai suna Ampère a Faransa ya nuna wayoyi biyu masu ɗauke da wuta suna jan juna ko ture juna. Kai ma za ka iya gwadawa a gida, ka sami doguwar ƙusa ka nannaɗe ta da siririyar wayar jan ƙarfe mai rufi, ka haɗa bakin wayar biyu da batirin tocila, nan take ƙusar za ta fara ɗaukar allura da fil, kana cire batir su zube. Kar dai ka bar shi ya daɗe don wayar na yin zafi.

Wanda ya juyo da lissafin ta baya, wato ya samar da wuta daga maganaɗisu, shi ne Michael Faraday na Ingila, ɗan maƙeri ne da bai yi wani boko mai zurfi ba, a shagon ɗinkin littattafai ya koyi aiki yana karanta abin da aka kawo a ɗinke. A 1831 ya sami zoben ƙarfe ya yi masa naɗin waya biyu da ba su taɓa juna, ɗaya na batir ɗaya na na'urar awo. Ya kunna, allurar na'urar ta yi tsalle ta koma ta kwanta, ya kashe, ta sake yin tsalle ta ɗaya ɓangaren, amma duk lokacin da wutar ke tafiya daidai shiru kake ji. Wutar batirin ce ke mayar da zoben maganaɗisu, kuma ashe maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya ba ya ba da komai, sai yana motsi ko ƙarfinsa na canzawa. A ganina duk tarihin nan babu gwajin da ya kai wannan.

Shi ya sa janareto ba fetur yake mayarwa wuta kai tsaye ba, aikin fetur kawai ya juya injin, injin ya juya maganaɗisu a tsakiyar koyil, wato naɗin waya. Madatsar Kainji ma haka ne, ruwa ne dai a madadin fetur. Ita kuwa transfomar unguwa jikar zoben Faraday ce, ba abin da ke juyawa a cikinta, wutar ce ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, sai bambancin yawan naɗi ya sauko da bolt 11,000 zuwa wanda gida zai iya ɗauka. Don haka in ka ba ta wutar batir kai tsaye ba za ta yi maka aiki ba.

Daga baya James Clerk Maxwell ɗan Sikotilan ya tattara komai cikin lissafi, a 1865 ya nuna haɗin nan na lantarki da maganaɗisu yana tafiya a sarari a matsayin igiya, kamar igiyar ruwa, da gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, daidai gudun haske, ya ce to ai haske ma shi ne. Heinrich Hertz a Jamus ya samar da igiyoyin a ɗakin gwaji wajen 1887, su ne yau ke ɗauko maka rediyo da netwok ɗin waya, kuma sunansa ne Hz ɗin da kake gani a jikin caja. Ya rasu a 1894 yana da shekara 36, bai ga lokacin da Marconi ɗan Italiya ya yi amfani da igiyoyin ya tsallakar da saƙo tekun Atlantika a 1901 ba.